Laya, addu'a ko horo: me ke kai ɗan kokowa ga takobi?

Mai Horo, Sabon Gari:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, daga Mirya har Magarya an fara jin gangar kokowa, kuma ba da daɗewa ba za a shiga zaɓen waɗanda za su wakilci jihar Damagaram a gasar kokowa ta ƙasar Nijar, wadda ake ba zakaranta takobi. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu tattauna ta tsakani da Allah, ban da zagi.

Yaran da nake horarwa, da yawansu abin da suke kashewa wajen neman taimako, laya da guru da rubutun sha da turaren hayaƙi, ya fi abin da suke sa wa cikinsu. Yaro zai zo fili da safe ba abin da ya karya da shi sai shayi, amma damtsensa ya sha kambu. Ban ce imani ba ya aiki ba. Ina ganin yadda yaron da ya riƙe sallar asuba a jam'i yake riga kowa zuwa fili, don ya riga ya saba da tashi. Abin da ya fi damuna shi ne washegarin kaye. Wanda ya jingina komai ga laya, in aka kai shi ƙasa ba ya tambayar ta ina aka shigar masa. Cewa yake yi asirin wancan ya fi nasa, sai ya canza malami. Ƙafar hagun da yake bari a gaba tana nan yadda take, baɗi ma ta nan za a ɗauke shi. Ni a ganina abin da mutum ya yarda da shi ne ke gaya masa abin da zai yi bayan ya faɗi, kuma a nan ake rabuwa tsakanin wanda zai yi nisa da wanda zai tsaya. Iyayenmu da malamanmu da ke nan, me kuka gani?

Baba Tsohon Ɗan Kokowa, Mirya:
Wa alaikumus salam. Jikana ne ke rubuta mini, ni ke faɗa. Ɗana Mai Horo, maganarka da gaskiya a ciki, amma ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba.

Mu da muka yi kokowa a zamanin Kunce, ba wanda ya shiga fili hannu sake. Kai ka san fili. Ganga na tashi, maroƙi na kiran sunan ubanka da na kakanka, mutanen garinku sun taso tun safe saboda kai, ga wani ƙato yana zuba kirari yana nuna ka da yatsa. In ba abin da zuciyarka ta riƙe, gwiwarka za ta saki tun kafin a taɓa ka. Na ga masu ƙarfin da suka fi ni nesa ba kusa ba sun faɗi saboda ido kawai.

Amma layar da kakana ya ba ni ba sayen ta na yi ba, kuma ba ita kaɗai ya ba ni ba. Da sharaɗi ta zo. Kada rana ta fito ta same ni kwance. Kada in ci abin da ba nawa ba. Kada in kusanci mace muddin ana lokacin kokowa. Kada in kayar da mutum in tsaya a kansa ina dariya. Kada in bar gonar mahaifina in tafi wasa sai an gama aiki. Ya ce duk ranar da na karya ɗaya, layar ta zama fata kawai. Saboda tsoron haka na kiyaye su duka. Horonmu kuwa gona ce: huɗa, noma, ɗaukar dami a ka daga gona zuwa gida, jan guga a rijiya mai zurfi. Fura da nono da tuwon hatsi, shi ke nan. Na yanzu suna zuwa wajen wanda bai san ubansu ba, su ajiye jika kaza, a miƙo musu ƙulli, ba sharaɗi ba komai. Wannan ba gadonmu ba ne, kada ka ɗora mana.

Mai Horo, Sabon Gari:
Allah ya ƙara girma Baba. Wannan bambancin da ka kawo mai nauyi ne. Amma ka ba ni izini in tambaya: da a ce ka kiyaye sharuɗɗan nan biyar ba tare da layar ba, kana ganin da ka faɗi?

Baba Tsohon Ɗan Kokowa, Mirya:
Da ba layar, da ban kiyaye su ba. Saurayi ne ni a lokacin, jini na tafasa. Wa zai hana ni?

Malam na Garin Malam:
Allah ya saka wa Baba da alheri, ya faɗi abin da mutane da yawa ke ɓoyewa. Ina so in raba maganar yadda malamai suka raba ta, don kada a yi mata kuɗin goro.

Layar da aka rubuta ayoyin Alƙur'ani ko sunayen Allah a cikinta, magabata sun yi saɓani a kai, wasu sun halatta, wasu sun hana don toshe ƙofa. Wannan saɓani ne sananne, ba zan kafirta kowa a kansa ba. Abin da ba saɓani a kansa shi ne yanka don wanin Allah, da kiran iskoki, da binne abu a fili don hannun ɗan'uwanka ya sage ko ya ji ciwo. Wanda ya kai nan ya sayar da abin da ya fi takobi tsada. Kuma ko a kan ta farkon, duk wanda ya ƙudurce cewa ƙullin ne da kansa ke kayarwa, ya shiga haɗari.

Game da tawakkali, mu duba wanda ya fi kowa dogaro ga Allah. Ranar Uhudu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sulke biyu ya saka. Da mai raƙumi ya tambaye shi ko ya sake shi ya dogara, ce masa ya yi ya ɗaure sannan ya dogara. An kuma ruwaito cewa ya yi kokowa da Rukana, wanda ya shahara da ƙarfi a cikin Ƙuraishawa, ya kayar da shi. Ashe kokowa ba baƙuwa ba ce a addini, kuma shiri ba rashin imani ba ne.

Baba, da girmamawa, ni ina ganin sharuɗɗan kakanka ne suka yi aikin, da yardar Allah. Dukkansu kuwa addini ya riga ya zo da su: tashin asuba, cin halal, kame kai, rashin girman kai, biyayyar iyaye. In tsoron lalacewar laya ya iya tsare saurayi, tsoron Allah ya fi cancanta ya tsare shi, kuma shi ba ya ƙarewa da ƙarewar lokacin kokowa.

Ɗan Kara-Kara:
Ku yi mini haƙuri manya, ni yaro ne a cikinku amma zan yi magana. Duk wannan zancen na wanda ya ƙoshi ne. Mu a unguwarmu ƙarfen da muke ɗagawa da hannunmu muka haɗa shi, siminti a gwangwani da tsofaffin ƙarafan mota. Ba wanda ya fi mu horo a garin nan, na rantse. Sallah muna yi. Amma ka ɗaga ƙarfe da yamma ka kwana da garin rogo, jiki zai ginu da me? Kuma ko ka ginu, da ka je neman aikin gadi ko ka ce a gwada ka a wata ƙungiya, da an ji sunan unguwarku sai fuska ta canza. Na je wani wuri an riga an ce in fara, da aka tambayi inda nake kwana aka ce in dawo wata rana. Har yau ranar ba ta zo ba. Kuna maganar abin da mutum ya yarda da shi. To abin da mutane suka yarda da shi a kanka fa? Shi ma yana kayarwa. Shi ya sa wasu abokaina suka koma tramol, don shi aƙalla ba ya tambayar unguwa.

Hajiya Mai Atamfa, Kasuwar Dole:
Ɗana na Kara-Kara, wallahi maganarka ta taɓa ni, kuma gaskiya ce, mu mutanen gari muna da laifi. Amma don Allah ka rabu da masu ƙwayar nan. Kai da ka iya zama ka rubuta magana mai tsari haka, ba a gama da kai ba.

Ma'aikaciyar Lafiya, Birni:
Ƙanena, bari in fara da tramol don shi ya fi gaggawa. Tramadol maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin su mofin. Ba ya ƙara wa tsoka komai. Abin da yake yi shi ne ya rufe maka jin ciwo da gajiya, sai ka ci gaba da ɗaga nauyi alhali jijiya ta riga ta yage ba ka sani ba. In an yawaita yana jawo jijjiga kamar ta farfaɗiya, yana kuma kama mutum har ya kasa tashi da safe sai da shi. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi lokacin gasa tun farkon 2024, wato ko ka yi nisa, gwaji ɗaya zai rusa komai.

Sai maganar Baba, wadda ta fuskar aikinmu tana da bayani. In tsoro ya kama mutum, zuciya na bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, baki ya bushe, tsoka ta ɗaure tun kafin a buƙace ta, sai ƙarfi ya ƙare da wuri kuma ido ya daina lura. Duk abin da ya kwantar wa mutum hankali a wannan lokacin, addu'a ce, zikiri ne, ko abin da ya ɗaura ya yarda da shi, zai sa ya yi amfani da ƙarfin da yake da shi. A asibiti ma sananne ne cewa yarda da magani tana rage wa mara lafiya jin ciwo. Sai dai iyakarta ke nan: tana buɗe maka abin da ka tara, ba ta ƙara maka abin da ba ka tara ba. Yaron da ke fama da ƙarancin jini ko zazzaɓin cizon sauro bai gama sakinsa ba, ko me ya ɗaura numfashinsa zai yanke.

Kuma ba sai nama kullum ba. Wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, nono, zogale, ƙwai in an samu, duk suna gina jiki. Kuɗin ƙulli ɗaya zai sayi waken da zai kai yaro wani lokaci.

Ɗan Ci-rani a Agadas:
Ni dai duk wannan lissafin bai gamsar da ni ba. Rabo ne kawai. 'Yan kokowa 80 ke haɗuwa daga jihohi 8, kowa ya yi horo, kowa ya yi addu'a, kowa da malaminsa, takobi kuma ɗaya ne. Wanda Allah ya rubuta wa shi zai ɗauka. Ku tuna yadda Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu, ta fara zuwa gasar cin kofin Afirka ta 2012. A ranar ƙarshe ta wasannin share fage Masar ta lallasa mu da ci 3 da nema, amma muka wuce. In wannan ba rabo ba ne, mene ne?

Mushe, Zango:
Yayana na Agadas, ka kawo misalin da ya fi kowane dacewa, sai dai ka tsaya a rabinsa. Mu ƙarasa shi.

A rukunin nan akwai Masar mai riƙe da kofi, da Afirka ta Kudu, da Saliyo. Mena a ƙarƙashin Haruna Dula ta ci dukkan wasanninta uku na gida a Yamai, har da Masar da ci 1 da nema a 2010, ƙwallon Musa Ma'azu. Maki 9 ke nan, kuma da gumi aka same su. A ƙarshe mu da Afirka ta Kudu da Saliyo kowa ya tashi da maki 9. 'Yan Afirka ta Kudu sun ɗauka yawan ƙwallaye za a duba, shi ya sa a wasansu na ƙarshe da Saliyo suka riƙe canjaras ba ci, aka tashi suna rawa a fili suna murnar sun wuce. Alhali dokar gasar ta ce sakamakon karawa tsakanin waɗanda suka yi kunnen doki ake fara dubawa, a nan kuwa mu ke gaba. To ka ga, su abin da suka yarda da shi ba daidai ba ne, kuma sun yarda da shi da zuciya ɗaya. Ƙarfin yarda bai mayar da kuskure gaskiya ba. Mu kuma rabonmu ya same mu da maki 9 a hannu. Da mun zauna jiran rabo muka bar wasannin Yamai, da kuskurensu bai amfane mu da komai ba.

Ni malamin makaranta ne, ina ganin irin wannan a aji duk shekara in jarrabawar BEPC da BAC sun matso. Akwai yaron da ke tashi tsakar dare ya yi nafila sannan ya buɗe littafi, akwai wanda ke kai alƙalaminsa a tofa masa ya koma fada shan shayi. Dukansu biyu za su ce maka sun dogara ga Allah. In sakamako ya fito, na farko ko ya faɗi yana zuwa ya tambaye ni inda ya yi rauni. Na biyu cewa yake yi an yi masa hannu, ko kishiyar uwarsa ce. Wannan ya fi faɗuwar kanta ciwo, don ya shiga zargin mutanen gidansu a kan abin da shi ya jawo.

Ɗan Ci-rani a Agadas:
Mushe na ji, amma ba ka amsa ta takobi ba. 79 ɗin da ba su ɗauka ba duk ragwaye ne?

Mushe, Zango:
A'a, ko kusa. Ba wanda ya ce horo na ba da tabbacin takobi. Amma ka duba tarihin gasar tun da aka fara ta a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka. Da abin kamar caca ne, da kowace shekara sabon suna za a ji. Sai ga shi sunaye kaɗan ne ke ta dawowa, har Isaka Isaka na Doso ya ɗauka sau 6. Mutum ba ya tsintar abu ɗaya sau 6. Mu ma nan ba banza aka sa wa filinmu sunan shahararren ɗan kokowa Langa-Langa ba. Ƙaddara gaskiya ce, na yi imani da ita, amma ba a sanin abin da aka rubuta sai bayan ya faru, don haka ba ta zama hujjar zama tun kafin.

Malam na Garin Malam:
Madalla da Mushe. Ƙaddara abin rarrashin zuciya ce bayan an yi iya ƙoƙari, shi ya sa mai imani na gaskiya ba ya haukacewa in an kayar da shi, ba ya kuma ɗaga kai in ya kayar. Ku lura da kyawun al'adar filinmu: wanda ya yi kaye yakan miƙa hannu ya ta da ɗan'uwansa, su rungumi juna. Wanda ya yarda an yi masa sammu ba zai iya wannan rungumar da zuciya ɗaya ba.

Maƙwabcinku Kirista, Sabon Gari:
Gaisuwa ga kowa. Ina bin zancen tun farko, ina so in ƙara wani gefe. Kuna ta auna imani da abin da yake kawowa, amma wani lokaci imani hana mutum nasara yake yi, kuma mutumin ya yarda. A gasar Olamfik ta 1924 a Faris, wani ɗan tsere daga Sikotilan, Eric Liddell, ya ƙi shiga tseren mita 100, wanda shi ne gwanintarsa, saboda zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi. Ya koma mita 400 ya ci zinariya, amma lokacin da ya yanke shawarar bai san zai ci ba. Muhammad Ali kuma a 1967 ya ƙi shiga soja a yaƙin Biyetnam saboda addininsa, aka ƙwace kambinsa, aka hana shi dambe sama da shekara 3 yana tsakiyar ƙarfinsa, sai a 1974 ya karɓo kambin a Kinshasa a hannun George Foreman. Mutanen nan biyu addininsu ba ɗaya ba, amma kowanensu yana da abin da ba zai sayar ba ko don lambar yabo. Ina ganin yaron da ba shi da irin wannan iyakar, shi ne zai sha ƙwaya ko ya rage shekarunsa a takarda ranar da aka ce masa hakan ne hanya.

Mai Horo, Sabon Gari:
Maƙwabci ka kawo abin da ban yi tunaninsa ta nan ba. Rage shekaru kuwa ciwo ne da ke cin ƙwallon yara, kowa ya sani ana shiru.

Ɗan Kara-Kara:
To azumi fa? In ya faɗo cikin bazara, zafi ya haura 40, mu da muke horo mu yi yaya? Wasu na cewa a ajiye ƙarfe wata guda, wasu na cewa raunin imani ne in ka rage.

Ma'aikaciyar Lafiya, Birni:
Kada ka ajiye gaba ɗaya, kuma kada ka yi da rana tsaka. Ka mayar da mai nauyin bayan buɗa baki ko bayan asham, ka rage yawa, ka sha ruwa kaɗan-kaɗan daga magariba zuwa sahur maimakon ka tuttula lokaci ɗaya, kada kuma ka bar sahur. In fitsari ya yi duhu sosai ko kana jin jiri, jikinka na gaya maka ruwa ya yi ƙasa. Ana yawan kawo misalin Hakeem Olajuwon, ɗan Legas da ya yi ƙwallon kwando a Amurka, wanda ya riƙa wasa da azumi a bakinsa har aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairu na 1995, watan da azumi ya kama. Gaskiya ne, amma a cikin ɗaki mai sanyi yake wasa, da likitoci a kansa. Kada wani ya ɗauki wannan ya je ya yi gudu a ranar Afirilun Damagaram ya ce imani ne. Rage horo don kare lafiya ba raunin imani ba ne, Malam na nan zai gyara mini in na kauce.

Malam na Garin Malam:
Ba ki kauce ba Malama. Jiki amana ne. Azumi farilla, ɗaga ƙarfe ba farilla ba, sai a tsara na biyun ya bi na farkon.

Ɗalibar Jami'a:
Iyayena da yayyena, tun ɗazu ana ta cewa yaro, yaro, ba wanda ya ambaci yarinya. Ni taikwando nake so tun ina ƙarama, tun lokacin da Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo azurfa a Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Kafin shi lambar Olamfik ɗaya tak ƙasar nan ke da ita, tagullar da Isaka Dabore ya samo a dambe a Munik a 1972. Shekara 44 tsakani. Duk gidan da ke da talabijin an yi murna, amma da na ce zan koya sai aka ce mace mai kunya ba ta ɗaga ƙafa. Wannan ma yarda ce, kuma ta hana 'yan mata da yawa sanin abin da jikinsu zai iya, har ma lafiyarsu. Ba tsiraici nake nema ba. A Riyon nan dai Ibtihaj Muhammad ta Amurka ta ci tagulla a wasan takobi da hijabinta, a 2023 kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya ta mata da kanta a rufe. Malam, ina addini ya hana?

Malam na Garin Malam:
'Yata, an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa, bayan wasu shekaru suka sake shi kuma ya tsere mata. Motsa jiki bai haramta ga mace ba. Abin da ake kiyayewa sutura ce da wurin da ya dace da wanda zai koyar. In an samu mace mai koyarwa da wuri killatacce, ban ga abin hanawa ba. Amma ki bi iyayenki da lallashi, tsoronsu ba ƙiyayya ba ce.

Hajiya Mai Atamfa, Kasuwar Dole:
Ni uwa ce, zan gaya miki abin da ke ranmu. Ba ƙafar muke tsoro ba, bakin mutane muke tsoro, kada a ce 'yar wance ta zama namiji a rasa mai aurenta. Amma ni kaina da na fara fita kasuwa haka aka yi ta faɗa, yau kuma masu faɗar ne ke aiko 'ya'yansu in koya musu.

Kuma wannan zancen na laya, kada ku ɗauka a fili kawai yake. A kasuwa ya fi yawa. Akwai mai yayyafa ruwan rubutu a ƙofar shago kowace safiya, amma ba ta san nawa ta sayo ba, nawa ta sayar, nawa ke hannun masu bashi. In jari ya karye sai ta ce maƙwabciya ce ta yi mata baki, a daina gaisawa, zumuncin shekaru ya lalace. Ni abin da na riƙe shi ne in buɗe da bisimilla, kada in ɓoye aibin kaya, in fitar da zakka in ta kai, in kuma rubuta komai kafin in kwanta. Na yarda albarka gaskiya ce, na gan ta da idona. Amma albarka a cikin abin da ka kiyaye take sauka. Na sha yin asara, sai dai duk lokacin da na buɗe littafin ina ganin ta inda ta shigo.

Baba Tsohon Ɗan Kokowa, Mirya:
Jikana ya karanta mini duka. Malam, na ji maganarka kuma ba na jayayya da malamai. Amma har yanzu ina cewa kada ku tsaya a bakin fili kuna tsinke wa yara abin da ke damtsensu. In ka cire wa yaro abin da ya riƙe ba ka ba shi wani ba, ka kashe masa zuciya, gobe kuma zai ɗaura a ɓoye ya daina gaya maka gaskiya. Kuma kokowa ba tare da kirari da ganga da shigarta ba, ba kokowarmu ba ce, ta wasu ce.

Malam na Garin Malam:
Kirari da ganga wata magana ce daban Baba, ba ita muke yi ba yau. A kan tsinkewa na yarda da kai, ba da ƙarfi ake gyara zuciya ba. Amma ba zan ce wa yaro ƙullin da bai san abin da ke cikinsa ba daidai ne don kawai yana kwantar masa da hankali. Aƙalla ya san me aka rubuta, wa ya rubuta, da sunan wa.

Mai Horo, Sabon Gari:
Na gode muku duka. Ga abin da zan fara a wajena. Ba zan taɓa abin da ke jikin kowa ba, wannan tsakaninsa da iyayensa da malaminsa. Amma duk wanda aka kayar, a horo ko a gasa, za mu ɗauka da waya, washegari ya zauna tare da ni ya nuna mini da yatsansa inda aka shigar masa kafin ya sake shiga fili. Wanda ya ce mini asiri ne, zan ce to, amma nuna mini ƙafar tukuna. Zan kuma kira iyaye mu yi maganar abinci, Malama in kina da lokaci ki zo ki yi musu bayanin da kika yi mana. Baba, ina roƙon ka zo da kanka ka gaya wa yaran sharuɗɗan kakanka, daga bakinka za su fi ji.

Ƙanena na Kara-Kara, muna fita bayan sallar asuba. Ka zo da duk wanda ke so cikin abokanka, ba na tambayar unguwa. Sharaɗi ɗaya ne, ban da ƙwaya.

Ɗan Kara-Kara:
Zan zo Yaya. Akwai mutum biyu da nake so in jawo, ɗayan ya riga ya yi nisa da tramol, ban san ko zai iya bari haka kawai ba.

Ma'aikaciyar Lafiya, Birni:
Kada ya yanke lokaci ɗaya shi kaɗai in ya daɗe yana sha, jiki zai wahalar da shi ya koma. Ka yi mini magana ta gefe in gaya maka yadda za a haɗa shi da likita a rage masa a hankali.

Ɗalibar Jami'a:
Mu kuma fa, Yaya Mai Horo?

Mai Horo, Sabon Gari:
Ƙanwata, ni ba zan iya koyar da ku da kaina ba, kuma taikwando ba fannina ba ne. Abin da ake buƙata mace mai koyarwa da fili mai katanga. Zan tambaya a cikin abokan aikina. Hajiya, ke da kika san matan gari, ko akwai makarantar 'yan mata ko gidan da zai ba da tsakar gida da yamma?

Hajiya Mai Atamfa, Kasuwar Dole:
Akwai wadda zan tuntuɓa in mun haɗu wajen biki ranar Asabar. 'Yata, ki fara tattaro sunayen masu so, kowace kuma ta zo da yardar mahaifiyarta, ni zan yi wa iyayen magana da kaina.